Quidax a idon mai shagon kayan waya a kasuwar Farm Centre, Kano

Abokan kasuwa na yawan tambayata da wace manhaja nake canza USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, zuwa naira yanzu. Quidax ce, kuma abin da ya fara ja na gare ta shi ne takardar hukuma.

Duk wanda ya yi harkar kirifto bayan Babban Banki ya hana bankuna taɓa ta a Fabrairun 2021 ya san zullumin cinikin P2P, wato ciniki kai tsaye tsakanin mutum da mutum. Ka tura wa wanda ba ka taɓa gani ba kuɗi, ka zuba wa waya ido har Magariba. Ko kuma kuɗin da ba ka san asalinsa ba ya faɗo asusunka, washegari a rufe maka shi. An janye haramcin a Disambar 2023, sai ga rigimar Binance, babbar manhajar cinikin kirifto: aka tsare jami'anta biyu a Abuja a Fabrairun 2024, a Maris ta daina hulɗa da naira. A Agustan 2024 hukumar SEC, mai kula da harkar zuba jari, ta bai wa Quidax da takwararta Busha amincewar matakin farko.

Wajen buɗe asusu a Quidax sai ka ba da BVN, katin shaida da hoton fuskarka. Maƙwabcin shagona ya ce shi ba zai buɗe wa gwamnati aljihunsa ba. Yana da gaskiyarsa, don za ta iya gani. Ni kuwa haja nake saro wa, caja da murfin waya, ba abin da nake ɓoyewa. Na sayar da USDT, na tura naira asusuna na banki, ta shigo ba tare da na roƙi kowa ba. A wurina wannan ya fi ɗan rangwamen da wani zai yi mini a WhatsApp.

Sai dai a kula. Amincewar SEC ba inshorar NDIC mai kare ajiyar banki ba ce, kuma ba ta hana Bitcoin faɗuwa cikin dare. Amfaninta shi ne akwai kamfani mai rajista, akwai inda za ka kai ƙara, musamman yanzu da dokar zuba jari ta 2025 ta sa kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC. Mutanen da suka zuba kuɗi a CBEX, kamfanin da ya yi alkawarin ninka kuɗi, suka wayi gari a Afrilun 2025 babu ko sisi, wa za su kama? SEC ta ce ba ta taɓa yi wa wannan kamfani rajista ba.

Mai neman kuɗinsa ya ninka a wata ɗaya, nan ba wurinsa ba ne. Ɗan kasuwa mai canji don sayen haja zai ji daɗinta.