Kwana 6 a kan keke a bakin Kogin Luwar

Yaya, bayan gaisuwa da fatan su Inna na lafiya, ga labarin da na yi maka alkawari. Hutun bana ban samu kuɗin jirgin zuwa gida ba, sai na ɗaura tanti a bayan keke na bi hanyar masu keke da ke bin Kogin Luwar a nan Faransa. Tsawonta duka wajen kilomita 900, kamar daga Damagaram zuwa Yamai, amma ni daga Orléans na tashi na tsaya a Nantes, kusan kilomita 400.

Keken kwance ne, yuro 60 na saye shi a shagon Emmaüs, inda ake sayar da kayan da mutane suka bayar kyauta. Kusan jika 40 ke nan, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Da ka ga birkinsa da kacarsa, da ka rantse bai shekara a hanya ba. Kaya a nan ba su da wuyar samu. Hannun mutum ne ke da tsada. A Tours tayata ta baya ta sace, na tura keken zuwa wani shagon gyara, aka ce sai na ɗauki randebu na dawo jibi. Kuma ba sa faci, robar ciki suke jefarwa su sa sabuwa, kuɗin aikin ma ya fi kuɗin robar. Na tuna rumfarka ta kusa da Kasuwar Dole, yadda kake tsoma roba a kwanon ruwa ka gano huda kafin mai keken ya gama gaisuwa. Na sayi gam da faci na zauna bakin titi na yi da kaina, yadda ka koya mini ina yaro. Wallahi aikin da ake ba ka dala ashirin a kai ana ƙorafi, a nan sana'a ce mai daraja.

Ruwa kuwa shi ya fi tsaya mini a rai. Wani dattijo mai keke ya ce in gorata ta ƙare in nemi maƙabartar ƙauye, akwai famfon da suke shayar da furanni. Haka na riƙa yi. Ina buɗe famfon sai in tuna Inna tana jiran mai garuwa tun asuba a watan Afrilu, mu da ke garin Sarkin Damagaram.

Burodi kusan yuro ɗaya, shi da sardin da tuffa suka riƙe ni. Sai dai ranar Lahadi da yamma kusan komi a rufe yake, babu mai shayi, babu mai tsire, ko da kuɗi a aljihunka.

Masauki ma da tsari. A wajenmu baƙo ya isa masallaci ko zauren mai gari, ya samu tabarma da fura. A nan ƙofa a kulle, ga kare a ciki. Akwai wani dandali a intanet, Warmshowers, inda masu keke ke saukar da junansu kyauta, amma sai ka rubuta tun da wuri an amsa maka. Na ɗauka iyakar karamcinsu ke nan, sai daren da ruwan sama ya tare ni bayan Saumur. Na danna ƙararrawar wani gida ina rawar ɗari, ina roƙon gefen gona in kafa tanti. Tsohuwar ta dube ni da kyau, ta kira mijinta, suka buɗe mini ɗakin ɗansu da ya yi aure. Kafin ta zuba miya ta tambaye ni abin da ba na ci, ba tare da na ce komi ba. Da na nemi gabas, mijin ya fita tsakar gida ya nuna mini. Da safe na ciro kuɗi, ransu ya ɓaci, ta cusa mini dafaffen ƙwai 4 a jaka.

Ina so in aika musu tukuici. Ka sa a ɗinka mini jakar fata biyu wajen dukawan gari, masu jan aiki, ka ba wa mai zuwa watan gobe. Ni kuma na haɗo maka makullan gyara da gam kwali ɗaya.