Mai hayar littattafan yaƙi da aljanu na wajen kasuwar Dole

Masu tambayata ina nake samun littattafan yaƙi da na aljanu a nan Damagaram, to ga amsa. Wani dattijo ne ke da ɗan tebur da akwatuna biyu can wajen kasuwar Dole, haya yake badawa, dala ashirin littafi guda har sati ɗaya, kuma in ka saba da shi ko jingina ba ya karɓa. Tun lokacin bakans, wato hutun makaranta, nake zuwa gunshi, wata uku kenan, shi yasa nace bari in faɗi abinda na gani.

Ranar farko na Abdulaziz Sani Madakin Gini na je nema, dan su na saba karantawa a salula, kuma yana da su sosai, daga Kano ake kawo mai. Ya bani biyu sannan ya ce, ɗana ka taɓa karanta Ruwan Bagaja kuwa? Nace Baba suna kawai nake ji, mu nan lekol da faransanci muka yi ta. Ya ciro shi ya ɗora min a kai ya ce wannan ba kuɗi, je ka karanta ka dawo mu yi magana. Wallahi daren nan ban kwanta ba, wuta ta ɗauke na ci gaba da fitilar salula, yadda Alhaji da Malam Zurƙe ke ramawa juna gari bayan gari dariya na dinga yi ni kaɗai har ƙanena ya farka, kuma Hausar sai kace mutum na zaune gabanka yana baka labari. Da na maido ne ya ke gaya min Abubakar Imam ya rubuta shi ne dan gasar rubuta littattafan Hausa da aka yi a 1933, yana ɗan shekara ashirin da biyu lokacin, aka buga a 1934 tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Abin ya tsaya min a rai, tsarana ne fa.

Wannan shi ne abinda nafi so a gun mutumin, duk littafin da ke akwatin nan ya karanta shi, kuma sai ya ji bakinka kafin ya zaɓa maka. Magana Jari Ce ma, da yake littafi uku ne, hana ni ɗaukar ukun lokaci guda yayi, wai labaran da akun nan na cikin littafin ke bayarwa ba a haɗiye su, ɗaya ɗaya ake bi.

Inda raina ya ɓaci kuwa Ganɗoki ne. Na bi shi tun daga yaƙin turawa har ƙasar aljanu, ina zuwa ƙarshe sai na tarar shafi huɗu babu, an yage. Da yawan littattafan sun tsufa, wasu hoto ne aka yi musu rubutun ya dishe, ya kamata ace yana dubawa duk sanda aka maido kafin ya ba wani. Na gaya mai, ya bani haƙuri ya maida min kuɗina, amma har yau ban san yadda ya ƙare ba.

In zaku je kar ku je ran Alhamis, cunkoson kasuwa ba ya barinshi hira, ku bari sai bayan la'asar ran Asabar. Wanda kuma ke da Ganɗoki cikakke dan Allah ya ara min ko kwana biyu ne.