Ghost in the Shell: Na Zane Ko Na Mutane?

A fadojin samari a nan Maradi, inda ake kallo a waya ɗaya kafin shayi ya nuna, fim ɗin Ghost in the Shell na mutane, na 2017, aka fi sani, wanda Scarlett Johansson ta fito a Manjo, jarumar labarin mai jikin inji. Na zane, wanda Mamoru Oshii ya yi a Japan a 1995, sai a ce na yara ne. Wallahi ba na yara ba ne, kuma shi na fi so.

Na zanen ba ya gaggawa. Akwai inda labari ke tsayawa cak, mintuna su wuce ba magana, sai ruwan sama da kiɗa, Manjo na cikin jirgin ruwa tana kallon birni. Damuwarta ita ce ko akwai rai a jikinta na inji. Masu fim ɗin The Matrix sun ɗebi abubuwa da yawa daga nan.

Na 2017 ya fi ƙyalli, an kashe masa kusan dala miliyan 110. Sai dai ya mayar da wannan damuwa labarin mace mai neman asalinta. An yi ta suka kan ɗora Baturiya a gurbin 'yar Japan, kuma bai yi kasuwa a Amurka ba.