Kafin ka sayi kayan wasan majong

Ɗan kasuwar da ya taɓa zaga lungunan birnin Guangzhou na ƙasar Sin da yamma ya ga mutum huɗu kewaye da tebur, suna cakuɗa wasu 'ya'ya farare da ƙara kamar ana zuba tsakuwa. Majong ke nan, wasan da ya samo asali a ƙasar Sin a ƙarni na 19. Idan ya shiga ranka har kana son naka, fara tambayar kanka da wa za ka riƙa bugawa, domin kayan ba iri ɗaya ba ne.

Na Sin, wanda ake bugawa a Hong Kong, yana da 'ya'ya 144. Gida uku ne, na ɗigo da na gora da na rubutu, kowanne daga 1 zuwa 9 sau huɗu, 108 ke nan. Sai na iska 16 (gabas, kudu, yamma da arewa), dodanni 12, da furanni da lokutan shekara 8. 'Ya'yansa manya ne masu kauri, suna tsayawa da kansu a kan tebur. Shi nake ba sabon shiga shawarar ya saya, don da shi za ka iya buga salon lardin Sichuan ma, inda ake ware sauran a yi da 108 kawai. Amma ka duba da kyau ko an buga lambobi a kusurwar 'ya'yan. Gidan rubutu da haruffan Sinanci yake, kuma wanda bai iya karanta su ba zai ɓata makonni yana rikita shida da takwas, abokan wasa na jiran sa.

Na Japan, da ake kira riichi, da 136 ake yin sa. 'Ya'yan ƙanana ne, akwai sandunan ƙirga maki da wasu 'ya'ya masu lamba biyar da aka yi wa jan launi, kuma galibi babu lambobi. Mai son lissafi da gasa zai ji daɗinsa, sai dai dokokinsa na da tsauri ga mai neman abin hira bayan isha'i.

Na Amurka 152 ne, har da joka 8 da katakan jingina 'ya'ya. Abin da mai sayarwa ba lallai ya faɗa maka ba shi ne, salon ya dogara da katin jerin haɗin 'ya'yan da ke cin wasa da ƙungiyar National Mah Jongg League, wadda aka kafa a 1937, ke sabuntawa duk shekara. Idan ba ka da masu buga wannan salo kusa, bar shi.

Game da abin da aka ƙera su da shi, na zamanin da ƙashi ne haɗe da gora. Suna da kyau, suna da tsada, kuma idan ƙwaya ɗaya ta ɓace samun irinta aiki ne. Na roba mai nauyi ta melamin sun wadatar, ana goge su da tsumma. Ka zaɓi masu zanen da aka sassaƙa ciki, domin na fenti a sama kan goge da zufar hannu, kuma ka nemi wanda aka haɗo da 'ya'ya marasa zane na ko-ta-kwana.

Tebur mai cakuɗa 'ya'ya da lantarki na gidajen wasa ne. A gida tebur mai kusurwa huɗu da bargo a kai ya isa, bargon ma zai rage ƙarar. Maki kuwa ana iya ƙirga su da wake ko takarda, ba sai an sa kuɗi ya zama caca ba.