Lesin ɗin igiya da turke a Badariya, a idon magini

Duk mai yaro a babbar sakandare nan Birnin Kebbi, in har zanen kusurwa da da'ira na firgita yaron, lesin ɗin hutu da wani malamin lissafi ke yi a Badariya ya ci kuɗinsa. Amma akwai gyara, kuma ba ƙarami ba. Ni magini ne. Ɗiyata na kai a dogon hutun da ya wuce, abin da malamin ya karɓa kuwa bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba.

Ba ya farawa da allo. Yakan kasa yara rukuni-rukuni, ya ɗora wa kowane rukuni aiki guda wanda za su gama kafin a koma makaranta, a filin wata firamare da ke kusa da gidansa. Kayan aikin su ne igiya, turaku, tef, da toka ta shata layi. Wasu ya ba su gaban ragar filin ƙwallo: wurin bugun fanareti mita 11 daga layin raga, sannan wancan gantsararren layin da ke bakin da'irar yadi 18, wanda ake ja da igiya mai mita 9.15 daga wurin fanaretin. Samarin da ke kwana gidan kallon ƙwallo ba su taɓa sanin daga ina ake auno shi ba. Su ɗiyata kuma aka ce su fitar da fandishon ciki da falo.

Nan ne abin ya shigo gonata. Tun ina yaron magini nake fitar da kwana, wato kusurwar ɗaki mai digiri 90, da 3, 4, 5: ka auna ƙafa 3 a igiyar nan, ƙafa 4 a waccan, in tsakaninsu ya ba ka ƙafa 5 cif, kwana ta zauna. Maigidana, Allah ya jiƙansa, haka ya koya mini, ba dalili, in ka yi tambaya ya ce ka ɗauko bulo. Malamin nan bai faɗa wa yaran dalilin ba shi ma, sai da suka gwada 3, 4, 6 suka ga ɗakin ya karkace, suka zo suka auna daga lungu zuwa lungu suka tarar igiyoyin biyu ba su zo ɗaya ba. Sannan ya zaunar da su: 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, a haɗa 25, wato 5 sau 5. Ƙa'idar Fitagoras ke nan. Ɗiyata ce ta dawo gida tana gaya mini wai a babban gini gara 6, 8, 10, don kuskuren awo ya fi raguwa in igiya ta yi tsawo. Haka ne, mun sani, amma ban taɓa jin yaron makaranta ya faɗe shi da bakinsa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da ya ƙwace tef ɗin. Ya ce su fitar da kwana da igiya kawai. A kafa turke a kan layi, a ja tsawo ɗaya dama da hagu a kafa turaku biyu, a ƙara wa igiyar tsawo, a zana baka daga kowane turke. Inda bakan biyu suka gitta, a ja layi zuwa turken tsakiya: digiri 90 ba ragi. Da suka koma takarda sai suka gane ai kamfas igiya ce da turke, an mai da su ƙarfe. Wani rukunin an ba su gidaje uku, aka ce su nemo inda za a gina rijiya wadda nisanta daga kowane gida zai zo daidai. Suka raba tsakanin gida da gida biyu daidai, suka ja layi mai digiri 90 a kowace tsakiya, layukan suka haɗu wuri guda. Na ce masa, Malam, lissafi ya yi, amma mu in za mu gina rijiya, inda salga take muke fara dubawa. Ya yi dariya ya ce, Sarkin magina, wannan darasinka ne, sai ka zo ka ba su.

Ya kuma ba su labarin Abul Wafa, masanin lissafi da ya rasu a Bagadaza a 998, wanda ya yi littafi musamman don masu sana'ar hannu kan yadda ake irin wannan zane. Na ji daɗin sanin an taɓa tunawa da irinmu.

To ga gyaran. Jarrabawar WAEC da NECO ba a fili ake yin ta ba. Takarda ce, a ce da rula da kamfas kaɗai ka fitar da digiri 60, ko 45, ko 135, ka raba layi biyu, kuma dole a bar sawun bakan da aka zana, don da shi mai maki ke gane ba da ma'aunin kusurwa aka yi satar hanya ba. Malamin ya bar aikin takarda sai dab da ƙarshen hutu, aka yi shi a gurguje. Hannun da ya iya jan igiya mai mita 5 bai zama lalle ya iya riƙe kamfas a santimita 6.5 ba tare da ya zame ba. Kamata ya yi duk abin da aka yi a ƙasa da safe a maimaita shi a takarda kafin a tashi.

Akwatin kayan lissafin da yake sayar wa yara kuma, kar ka saya. Wuyan kamfas ɗin sako-sako ne, kana juyawa yana buɗewa, da'ira ta ƙi haɗewa. Je kasuwa ka nemi mai noti da ake ɗaurewa, ka haɗa da fensir mai tauri, a fiƙe shi sosai.

Na kuma lura da farko samari ke riƙe tef suna awo, 'yan mata suna tsaye da bakin igiya. Na yi masa magana, bai musa ba, ya mayar da abin karɓa-karɓa. Ruwan Agusta ya sha wanke musu toka su sake daga farko, kuma filin ba inuwa, sai a haɗa yaro da ruwan sha da malafa.

Ya roƙe ni hutu mai zuwa ya kawo yaran wurin aikina su ga yadda ake fitar da gangaren rufin kwano. Na ce sai in a ginin da ba a kai linta ba, kuma kowa ya zo da takalmi sau-ciki, don ba zan ɗauki nauyin ƙusa a ƙafar ɗan wani ba.