Darasin noman buhu na WhatsApp: haɗin ƙasa ya yi, amma batun ruwan wanki an cuci mutane

Darasin famakalca ɗin nan (tsarin noma mai kwaikwayon yadda halittu ke rayuwa a daji), na shuka kayan lambu a cikin buhu, da ake ta tallarsa ga masu ƙaramar tsakar gida, na biya na shiga, kuma gaskiya ɓangaren haɗa buhu ya ci kuɗinsa. Ƙasa kwano biyu, ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya, a ƙara yashi idan ƙasar laka ce. A cire gindin babban gwangwani, a tsayar da shi tsakiyar buhu, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa kewaye, a ja shi sama a maimaita har bakin buhu. Tsakuwar ce ke kai ruwa har ƙasa. Alayyafo da yakuwa a ramukan da aka huda a gefen buhun, tazarar taƙi guda, attaruhu a sama. Sun kuma ja kunne kan ɗanyen kashin kaji, domin yana ƙone dashe. Duk wannan daidai ne.

Inda raina ya ɓaci shi ne da malamin ya ce a riƙa ban ruwa da ruwan wanki, wai a tsarin famakalca da Bill Mollison da David Holmgren suka fito da shi a Ostireliya ba a asarar komai. Haba malam! Garin sabulun wanki cike yake da gishirin soda. A fili, ruwan damina na wanke shi ya nutse. Buhu kuwa, a rani irin na Kano da za a yi wata shida ba ɗigon sama, ina gishirin zai je? Ruwan ya bi iska, gishirin ya zauna. Sai ka ga fari-fari kamar kanwa a saman ƙasa, bakin ganye ya ƙone, ƙasa ta ƙanƙame, in ka zuba ruwa ya kwanta ya ƙi shiga. Da aka tura hotuna a zauren, amsar da aka bayar wai a ƙara taki. Alhali takin ma yana da nasa gishirin, ƙara wahalar da saiwa kawai za a yi.

Wanda abin ya riga ya samu, ya kankare farin ɓawon nan, ya huda gindin buhun sosai, ya kwarara ruwa mai kyau har ya riƙa fita ta ƙasa, ya sake bayan kwana biyu, sannan ya rufe saman da ɓawon gyaɗa. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya ba su da matsala.

Da zan ce a shiga don haɗin ƙasar kawai, to amma ko uffan ba su ce ba kan rana. Buhun shinkafa da ke shan rana yini guda, kafin shekara ya fara ruɓurɓushewa a hannu, zafin Afrilu kuma ya dafa saiwar gefen yamma. Tsohuwar tabarma ko buhun algarara da za a naɗa masa ta isa, amma babu wanda ya faɗa wa ɗalibai.