Sharhi kan akwatin koyon Arduino Uno bayan na gwada shi a zafin Maraɗi

Akwatin koyon haɗa na'urori na Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni ta kwamfuta don ya sarrafa wasu na'urori), irin wanda ƴan kasuwa ke shigowa da shi Maraɗi daga Kano, ya ci kuɗinsa ga mai son koyo, amma ba duk kayan cikinsa ne za su jure aikin gaske a garin nan ba. Na saye shi ne domin in haɗa abin da zai kashe injin tura ruwa da kansa idan tankin saman ɗaki ya cika, kuma na yi aiki da shi tun daga hunturu har bazara ta wuce.

Allon kansa ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. An fara aikin Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005, samfurin Uno kuma ya fito a 2010, yana ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega328P mai gudun megahaz 16, da ƙafafu 14 na kunnawa da kashewa, da wasu 6 na karanta awo. Tun da masu shi sun bar zanensa a buɗe, masana'antu da yawa na ƙera irinsa, nawa ma irin wannan ne. Saboda haka kwamfuta ba ta gane shi ba sai da na saka mata direban CH340, wato manhajar da ke sa ta gane shi, abin da ƴar takardar cikin akwatin ba ta ambata ba ko kaɗan. Daga nan bai sake ba ni wahala ba, duk da ƙurar hunturu da ta yi ta sauka a kansa.

Inda na daɗe ina fama shi ne na'urar auna tazara mai lamba HC-SR04, wadda na sa a cikin tanki don ta riƙa auna inda ruwa ya kai, tana da wasu idanu biyu na ƙarfe: ɗaya yana tura sauti mai kaɗawa 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum ba ya ji, ɗayan yana jiran dawowarsa. A kan tebur tana auna daga santimita 2 zuwa mita 4 lafiya lau. Sai dai lissafin da ke cikin yawancin darussa ya ɗauka cewa sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, wanda haka yake a zafin digiri 20. A digiri 40, wanda ba baƙo ba ne gare mu a watan Afrilu, gudun ya kai wajen mita 355, don haka awon yana kaucewa da kusan kashi 3 cikin 100. Wannan ana gyara shi da layi guda a cikin umarnin. Abin da bai gyaru ba shi ne gumin cikin tanki, domin da na ɗaga murfin na tarar ɗigon ruwa ya taru a kan ragar idanun, ƙafafun sun yi koren tsatsa, lambobin kuma suna tsalle babu dalili. Na maye gurbinta da JSN-SR04T wadda ruwa ba ya shiga, kuma ita nake ba kowa shawara tun farko, ko da yake ba ta ganin abin da ya matso kusa da ita sosai, sai an ɗaga ta sama da bakin ruwa.

Ma'aunin zafi na DHT11 na cikin akwatin yana tsayawa ne a digiri 50, alhali ƙarƙashin kwano da tsakar rana ana iya wuce haka. Wani ma'aunin zafin mai lamba DHT22 ya fi dacewa da mu.

Batun wuta kuwa yana buƙatar natsuwa. An rubuta amfiya 10 a jikin ƙaramin makunnin rile na cikin akwatin, wato makunnin da allon ke kunnawa da kashewa da kansa, amma injin ruwa yana jan wuta ninkin ba ninkin a lokacin tashi, kuma kuran ɗinmu na gida volt 220 ne, wanda ke kisa. Na sa rilen ya riƙa tada kwantakta ne kawai, wato babban makunnin da ke iya ɗaukar wutar injin, na kuma bar wa mai gyaran wuta wancan ɓangaren. Haka nan wanda zai ɗauki wuta daga batirin sola ya sani cewa batirin volt 12 yakan haura 14 idan yana caji, abin rage wutar da ke kan allon kuma zai yi zafin da yatsa ba zai iya tsayawa a kai ba. Ƙaramin abin rage wuta mai lamba LM2596 da aka saita ya magance min wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanin akwatin duk da Ingilishi yake, yaranmu kuwa da Faransanci suka yi karatu, masu gyaran rediyo da waya a kasuwa, waɗanda suka fi kowa iya riƙe ƙarfen dalma, da Hausa suka koyi sana'arsu. Ga wanda ya ƙware yana son ganin yawan ruwa a wayarsa, wani allon mai suna ESP32 da ya fito a 2016 yana da Wi-Fi da Bluetooth, sai dai da volt 3.3 yake aiki, don haka ba a haɗa masa wayar da ke kawo amsa daga na'urorin auna tazarar nan masu volt 5 sai an rage ƙarfinta da rezista biyu, wato ƴan ƙananan abubuwan da ke rage gudun wuta.